Yadda ake koyon kallon zane da sauraron kiɗa bayan an girma

Ranar hawan sallah ne, muna tsaye a Ƙofar Soro ni da ƙaramin ɗana, ƙura ta tashi, dawaki sai haniniya suke. Makaɗa suka zo wucewa, yaron ya ja mini riga ya ce, "Baba, waccan gangar ya sunanta?" Ban ko tsaya tunani ba na ce kalangu ne. Wani dattijo da ke gefenmu dogare da sanda ya juyo ya ce, "A'a Malam, kada ka ɓata mishi karatu. Jauje ne. Kalangu na mahauta ne, mi zai kawo shi cikin tawagar sarki?" Na yi dariyar yaƙe, na ce Allah ya ƙara girma, Baba.

Abin ya tsaya mini a rai. A Katsinar nan aka yanke mini cibi, na haura shekara 40 ina jin kiɗan nan kowace sallah, amma duk ganga mai siririn ƙugu kalangu ce a wurina, duk aikin wuyan riga kuma "aiki" ne kawai. Daga ranar na ɗaura niyya, tunda gemu ba ya hana ilimi. Hanyar da na bi ce zan shimfiɗa a nan, har da inda na yi tuntuɓe. Babba yana da ribar da yaro ba shi da ita, domin kansa cike yake da abin da ya riga ya ji ya gani. Aikin da ya rage masa shi ne rarrabewa, da ba kowane abu sunansa.

Guzurin ba shi da yawa: littafin rubutu irin na 'yan firamare, biro, wayar hannu, abin sawa a kunne mai ɗan kyau, da minti 20 a rana. Ni bayan isha'i nake ware nawa, lokacin da gida ya yi shiru.

Fara da waƙa ɗaya tak

Kuskuren farko da na yi shi ne na je wurin masu turi na cika waya da waƙoƙi ɗari da wani abu. Na yi wata guda ina tsallake-tsallake, ban ƙaru da komai ba. Zaɓi ɗaya, ka zauna da ita mako guda. Ga mutumin ƙasar Katsina, mafi sauƙi ya fara da Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. Kunnenka ya riga ya san muryarsa, saboda haka ba za ka sha wahalar baƙunta ba.

Daren farko ka saurare ta yadda ka saba. Dare na biyu ka kawar da kunnenka daga maganar mawaƙin, ka bi ganguna kawai. Wannan shi ne mafi wuya, domin Bahaushe in ya ji waƙa magana yake bi, kiɗan kuwa ya bar wa ƙafa. Yi haƙuri ka daure. Can ƙasa za ka ji wata siririyar murya da ba ta sauyawa, tana nanata abu ɗaya kamar agogon bango. Ƙananan gangunan rakiya ne irin su kuntuku, su ke riƙe da ma'auni. A samansu manyan kalangai ne ke hawa da sauka. Kalangu fuska biyu gare shi, tsarkiya ta haɗa su. Makaɗi yana saƙale shi a hammata, in ya matse tsarkiyar fata ta ɗame murya ta hau, in ya saki ta sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, shi ya sa kuka na hawaye ya bambanta da kuka ta miya. Da wannan matsi da saki kalangu ke kwaikwayon magana, har wanda ya san take ya ji an kira sunansa ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Sa yatsa a kan gwiwa ka bi ƙaramar gangar. Da farko za ka riƙa ɓacewa duk lokacin da babban kalangu ya yi wata karya. Ranar da ka bi ta daga farko har ƙarshe ba ka ɓace ba, ka ci matakin farko.

Dare na uku na 'yan amshi ne. Rubuta abin da suke faɗa. A yawancin waƙoƙin Shata layi ɗaya ne suke maimaitawa, shi ne gindin waƙar, shi kuma yana ɗora 'ya'ya a kai. Abin lura shi ne inda yake shigowa. Wani lokaci ya jira su sauke, wani lokaci ya faɗo musu tun ba su rufe baki ba, wani lokaci ya yi shiru ya bar ganguna su yi ta magana har sai ka ƙagu. Gwanintar tana cikin wannan jinkiri da gaggawa, kuma shekara da shekaru ina jin daɗinta ban san daga ina daɗin yake fitowa ba.

Sai a dare na huɗu za ka koma ga magana. Raba shafi: ina kirari, ina zambo, ina habaici, ina roƙo, ina labarin tafiya da sunayen garuruwa. Duk kalmar da ta shige maka duhu ka rubuta ta, ka kai wa tsohon da ke kusa da kai. Za ka sha mamakin yawan Hausar da ba ka sani ba. Sauran kwanakin makon ka mayar da komai wuri ɗaya ka saurara. Waƙar ba za ta koma yadda take a da ba.

Sai ka jera biyu

Kunne ba ya gane abu sai ya ji kishiyarsa. Mako na biyu ɗauko Musa Ɗanƙwairo na Maradun ko Ibrahim Narambaɗa, ka ajiye kusa da Shata. Su makaɗan kotso ne, ganga mai fuska ɗaya da ake kaɗawa da hannu, muryarta a tausashe, ba ta da kaifin sandar kalangu. 'Yan amshinsu ma aikinsu daban. Suna karɓe baiti daga bakin jagora su ƙarasa masa, har ka rasa inda ya tsaya suka ɗauka. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an shirya waƙar an haddace, alhali Shata ya shahara da ƙirƙira nan take. Daga nan ka nemi Sarkin Taushin Katsina ka ji yadda taushi yake, tunda shi ma kiɗan fada ne na hannu.

Bayan su, Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: mutum ɗaya, kuntigi mai tsarkiya ɗaya, babu amshi. Lura da yadda kuntigin ke cike gurbin 'yan amshi duk lokacin da ya ja numfashi. Sai Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, da kiɗan ƙwarya na amada, inda ake kifa ƙwarya a ruwa ta ba da murya mai kauri. Maza da yawa suna raina wannan kiɗa saboda na cikin gida ne. Su suka yi asara, domin iya habaicin da ke ciki ba kowane makaɗin fada ya kai shi ba.

A bayan littafinka buɗe shafin kayan kiɗa, kowanne da masu shi. Tambari da kakaki da algaita da jauje na sarauta. Dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta, gangar noma ta manoma, shantu na mata. Goge da kukuma na jan izga, gurmi na kaɗawa da yatsa. Wannan rabo na asali ne, zamani ya cakuɗa shi. Shata da kansa ya ɗauki kalangun da dattijon nan ya ce na mahauta ne ya shiga da shi gaban sarakuna da gwamnoni.

Waya ba ta maye gurbin fili. In sallah ta zo, ko Sallar Gani a Daura cikin watan Rabi'ul Awwal, je da wuri ka sami gindi ɗaya ka tsaya, kada ka bi ayari. Bari tawaga-tawaga su wuce ka, ka ji yadda take ke sauyawa daga wannan hakimi zuwa wancan. Kafa wa mai algaita ido. Kumatunsa a kumbure suke koyaushe, domin yana shaƙar iska ta hanci yayin da yake tura wadda ya tara a baki, shi ya sa busar ba ta yankewa. Kakaki kuwa muryoyinsa kaɗan ne, amma a ƙirji ake jin sa.

Na san akwai wanda zai ce malaminsa ya hana shi kiɗa. Ban zo jayayya ba, kowa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Irin wannan horon kunne yana yiwuwa da rubutacciyar waƙa da ake rerawa ba kiɗa, ko da ƙasidun bege: ka bi amsa-amon ƙarshen baiti, ka ƙirga gaɓoɓi, ka lura da inda mai rerawa ke jan murya.

Ido kuma daga akwatin kaya zai fara

Nan ma sai da na sha kunya. Na sayi babbar riga don bikin ƙanwata, mai shago ya rantse mini aikin hannu ne, na biya kuɗin aikin hannu. Maƙwabcina tela ya karɓa, bai ko dubi gabanta ba, ya juya cikinta waje. Ya ce, "Yaya, ai keke ya yi maka wannan." Ya nuna mini zare na biyu da ke bin ƙarƙashin aikin, kowane taku daidai da ɗan'uwansa kamar an auna da ma'auni. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar rigar mahaifinsa. A cikinta ga ƙulle-ƙullen zare inda maɗinki ya tsaya ya sake zura allura, ga wurin da hannunsa ya ɗan gaji taku ya buɗe, ga inda ya dawo da safe ya matse. Fure biyu masu kama ɗaya, amma in ka ƙura ido kowanne da halinsa. Tun ranar duk abin da aka miƙo mini, riga ko hula ko jakar fata, bayansa nake fara dubawa.

To, ɗauko babbar riga mafi tsufa a gidanku, ko aro ne, ka shimfiɗa ta a kan tabarma inda haske yake. Kada ka ce tana da kyau ko ba ta da shi. Minti biyar na farko ƙirga kawai za ka yi. Launi nawa? Dogayen tsinin nan da suka gangaro daga wuya, su ne askake, nawa ne? Da su ake kiran aikin, aska biyu ko aska takwas. Nemi tambari, da'irar da ke naɗe kanta kamar gammo, ka duba ko akwai wani a baya. Nemi dagi, ka ɗora yatsa a kan layinsa ka bi shi, ka ga ba shi da farko ba shi da ƙarshe, sau ɗaya ya bi ta sama, sau ɗaya ta ƙasa. Sannan ja da baya taku uku. Za ka ga aikin bai rabu daidai ba, nauyinsa ya karkata hagu inda aljihu yake, dama kuma an bar mata fili sai ɗan abin da zai riƙe ta. Wannan karkata da gangan ce, kuma filin da aka bari ba a taɓa ba yana cikin aikin. Rigunan da ake cikawa da ado dama da hagu har ciki, ni dai ido na gajiya da su, ba ya samun wurin hutawa.

A al'ada mai zana aikin daban, mai ɗinke shi daban. Wani ne zai zana da alƙalami a kan yadi, wani ya bi da allura wata da watanni. In ka sami mai wannan sana'a a zaurensa, yi sallama, ku gaisa sosai, ka zauna. Kada ka shiga da tambaya a baki ko waya a hannu. Nemi izini kafin ka ɗauki hoto, kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, in za ka tashi ka ajiye ɗan na goro. Zuwa na uku shi da kansa zai fara nuna maka abin da ba ka tambaya ba.

Ke kuma uwargida, makarantarki ta fi tamu kusa. Faifan da ke rufe ƙwaryar fura, sassaƙar jikin ƙwaryar kanta, zanen lalle, duk da wannan ƙirga da bin layi ake karanta su.

Bango da hasken rana

Gini lokaci gare shi. Da tsakar rana bango a shafe yake. Je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa a kaikaice, kowane tudu na zanen bango ya jefa inuwarsa. Fara da Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsawonta kimanin mita 15. Zagaya ta sau ɗaya kana kallon yadda gindinta ya yi faɗi, jikinta yana tsukewa hawa-hawa. Ginin ƙasa dole ya yi haka, domin ƙasan ne ke ɗauke da nauyin saman. Daga nan ka bi lunguna da ƙafa, ta Masanawa ko Rafindadi, kana neman tsofaffin zauruka da suka tsira daga bulo da siminti. Suna raguwa kowace damina, shi ya sa ba na son a ɗaga wannan mataki zuwa baɗi.

Sunayen da za ka riƙe: tubali, zanko a kusurwar soro, indararo mai zubar da ruwan sama, makuba da ake shafe bango da ita, azara ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba. In an ba ka izinin shiga zaure, ɗaga kai. Azara gajera ce, ba ta haye ɗaki mai faɗi ita kaɗai, saboda haka magina suka riƙa ɗaura ta guntu-guntu tana miƙowa daga bango har ta haɗu a sama, aka lulluɓe da ƙasa. Bakan gizo ke nan, in kuma bakuna suka gitta juna suka tashi rufi, ɗaurin guga. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Ware wata safiya ka shiga gidan adana kayan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Kada ka ce sai ka ga komai. Zaɓi abu uku, ka ba kowanne minti goma, ka fito. Ginin kansa ma abin kallo ne.

Sai zayyana. Roƙi wani alaramma ya nuna maka Alƙur'ani rubutun hannu, ka je da alwala. Baƙar tawada ta baƙaƙe, ja ta wasula, ɗigon rawaya da kore kowanne da aikinsa a karatu, ga adon da ke gefen shafi yana nuna hizifi da wurin sujada. Haka allon zayyana na ɗalibin da ya yi sauka. Duk wanda ke ƙyamar hoton mai rai, a nan zai sami abin da zai ci shekaru yana kallo.

A wannan gaɓa ɗauki fensir ka gwada zana dagi da kanka. Ba don ka zama mai zane ba. Na ɓata shafi shida kafin layina ya koma inda ya fito, kuma daga ranar na daina cewa aikin hula ya yi tsada.

Leƙa waje

Bayan wata uku ko huɗu, ido da kunne sun yi ƙwarin fita. Laluba aljihunka tukuna. A bayan takardar naira 10 matan Fulani ne da ƙorai a ka, a bayan naira 20 kuma Ladi Kwali ce, gwanar ginin tukwane, tana aiki. Nemi hotunan tukwanenta a intanet ka dubi zanen jikinsu da idon da ka horar a kan ƙwarya. Daga nan ka nemi ayyukan ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka ƙi yarda koyarwar Turawa ta raba su da zanen gida. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan har yau, in hanya ta kai ka Samaru.

In ka tsaya gaban zanen da ba ka gane ba, na Legas ne ko na Faransa, yi masa abin da ka yi wa riga. Rufe sunan mai zanen da bayaninsa. Ƙirga launi. Ina idonka ya fara sauka, daga nan ina ya tafi? Daga wane ɓangare haske ke zuwa? Ina nauyi ya karkata, ina aka bar fili? Sai ka gama wannan za ka karanta bayanin. Wani lokaci bayan duk wannan zanen ba zai burge ka ba, kuma babu laifi, rubuta dalili kawai. Kiɗan waje ma haka. Ali Farka Toure na Mali ya fi sauƙin shiga ga wanda ya saba da gurmi, Ummu Kulsum ta Masar ga wanda ya saba da jan muryar masu ƙasida. A kiɗan Turawa na taron kayan kiɗa da yawa, nemi ɗan karin da ke tafiya yana dawowa, ka riƙe shi kamar gindin waƙa. Waƙoƙin fiyano na 'yan zamani ma kada ka yi musu kuɗin goro. Sa musu kunnen nan, za ka ji wanda ya yi aiki da wanda ya danna na'ura ya tafi shan shayi.

Mataki na ƙarshe shi ne ka nemi abokan gardama. Mu huɗu ne a dakalin ƙofar gidana duk daren Juma'a: ni, telan nan, wani malamin firamare da ya yi ritaya, da direban da ke jigilar Katsina zuwa Daura. Kowane mako mutum ɗaya ke kawo abu, waƙa ko hula ko hoton wani zaure, kuma doka ɗaya ce, ba a cewa "ya yi kyau" sai an nuna wurin da yatsa ko an mayar da waƙar daidai inda ake nufi. Makon jiya direban ya kawo tsohon faifan kakarsa. Muka kai sha ɗaya na dare muna musu a kan wani zagaye guda da masaƙiyar ta sa baƙi inda tsarin ya nuna ja ya kamata, tela na cewa jan ne ya ƙare mata, malam na cewa da gangan ta yi. Ya tafi da faifan zai tambayo gwaggonsa a Daura.